Lahadi huɗu ba kifi a duwatsun Tarkwa Bay: abin da muka gano ni da Autanmu

Autanmu ɗan masunta ne gaba da baya, a Yawuri aka haife shi kamar ni, amma ya fi ni zama a ruwa nesa ba kusa ba, don ni tun ina saurayi na taho Legas neman kuɗi, shi kuwa har ya haura shekara ashirin yana bin mahaifinmu cikin jirgi daga bakin Neja har cikin tafkin Kainji. Yaro ne da zai kalli fuskar ruwa yace maka nan akwai giwan ruwa a ƙasa, a jefa kuma a samu. Toh shi ne fa ya zo Legas ya yi Lahadi huɗu a jere yana jefa ƙugiya a ruwan gishiri bai kama abin da za a ɗora tukunya saboda shi ba, kuma wallahi abin ya taɓa masa zuciya sosai, ni da nake tare dashi na gani, a ta huɗun ko magana bai yi min ba har muka sauka daga jirgi. Shi yasa na zauna na rubuta yadda abin ya faru tun daga farko, don akwai 'yan uwanmu da yawa a Legas da Fatakwal da Akara da Duwala da suka taso a bakin kogi, suna ganin teku kullum suna marmarin jefa fatsa, kuma inaga duk inda muka yi tuntuɓe nan za su yi.

Da ya karɓi albashinsa na biyu a wurin da na samo masa aiki, sai ya je ya sayo sanda irin ta zamani mai injin naɗe zare, da akwatin koton roba, akwai masu kamar ƙaramin kifi da baki a gaba irin na kamfanin Rapala, akwai na ƙarfe mai walƙiya da ake ce wa cokali, akwai masu laushi da ake sokawa a ƙugiya mai kan dalma. Bayan wannan kuma bai bar na gida ba, ya tono tana a bayan gidan da muke haya ya zuba a gwangwani da ƙasa, ya nemi hanjin kaza, ya yanka sabulu ƙanana ƙanana kamar yadda ake yi wa tarwaɗa, sannan muka ƙara da taitus guda biyu na kankara daga wurin masu kifin sanyi. A ganinmu babu kifin da zai tsallake wannan shiri.

Wurin da muka zaɓa shi ne duwatsun da ke gefen Tarkwa Bay, sai an shiga jirgi ake zuwa. Ga wanda bai san wurin ba, duk wannan babban tafkin na Legas da ake ce wa lagun, wanda gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ta bi ta kansa, ƙofarsa ta shiga teku a cikin birnin guda ɗaya ce, ita ce mashigar da manyan jiragen ruwa ke bi su je Apapa da Tin Can. Turawan mulkin mallaka ne suka jera manyan duwatsu a gefenta biyu sama da shekara ɗari da suka wuce, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Kaga kenan duk ruwan da zai shiga lagun daga teku da duk wanda zai fita, ta wannan maƙogwaron zai bi, da ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa da komai. Wuri dai babu laifinsa, har yau ina nan a kan cewa wurin da muka zaɓa daidai ne, sauran abubuwan ne muka yi a baibai.

A watan Oktoba muka fara. Lahadi kaɗai muke da hutu, kafin mu yi wanki mu karya mu kai bakin jirgi mu ƙetara, ƙarfe goma ta yi, mu tashi wajen biyu na rana. Lahadi ta farko ruwan a cike yake kuma a tsaye cak kamar na randa, launinsa kamar shayi da madara, rana kuma ta buɗe. Auta ya sa tana ya jefa, bayan 'yan mintoci ya ɗago sai ga ta ta yi fari ta yamutse ta mutu, ya sake wata haka, ya koma taitus, shi kuma da ya narke sai ya yi laɓo-laɓo, rabi ya faɗi tun a iska wajen jifa, sauran kuma ƙaguwa da talibambam suka cinye, kana jin ana ɗan taɓa zaren ka fizga ba komai. Sabulu ko kallonsa ba a yi ba. Lahadi ta biyu da muka zo a daidai wannan lokacin sai muka tarar da wani ruwa daban, ya janye ƙasa sosai duwatsun da muka tsaya a kai makon jiya sun yi sama, kuma yana gudu zuwa teku da ƙarfi ɗauke da kainuwa tuli tuli da robobi, dalmarmu ta giram talatin ko ƙasa bata kaiwa, ruwan ke ɗauke ta ya kai ta ya cusa cikin dutse. A ranar muka yi asarar koton roba uku. Ta uku ta koma irin ta farko, a nan ne ya samu wani ɗan obokun, kifi mai gashin baki kamar tarwaɗa, guda ɗaya bai kai tafin hannu ba ya mayar da shi. Ta huɗu ta koma irin ta biyu.

A ta huɗun ne muna naɗe kaya wani dattijo ɗan ƙabilar Egun, daga cikin masuntan da ke zaune a bakin lagun tun kaka da kakanni, ya matso da ɗan kwale-kwalensa kusa da duwatsun, ashe ya daɗe yana ganinmu. Muna ce masa Baba har yanzu. Ya tambaye mu, Malam ina za ku? Nace gida Baba, tun goma muke nan ba komai. Sai ya nuna mana can bakin mashigar da haɓarsa yace ku duba. Muka duba, sai ga wani layi a kan ruwa kamar an ja shi da alli, wannan gefen ja-ja mai datti, wancan gefen kore-kore mai haske, kuma layin yana tahowa ciki a hankali, tsuntsaye farare suna binsa suna faɗawa ruwa. Yace kun zauna kun yi gadin ruwa lokacin da kifi baya nan, yanzu da yake tahowa kuma kun tashi. Auta yace Baba wane koto kake sawa? Dattijon bai amsa wannan ba tukuna, cewa ya yi yau nawa ga wata a lissafinku na Musulmi? Muka ce ashirin da tara. Yace toh ku da kuke da lissafin wata a hannu, ku ne ya kamata ku fi kowa sanin ruwan nan.

Wannan maganar ita ta juya mana komai, don da muka koma gida na zauna na bi ta a hankali, na sauke teburin hawa da saukar ruwan Legas a waya, akwai shi kyauta a intanet, muka sayi ɗan littafi muka fara rubutawa. Kogi irin namu hanya ɗaya yake bi, cikarsa da janyewarsa na shekara ne, a Yawuri mun san lokacin farin ruwa mun san lokacin baƙin ruwa, shikenan. Teku kuwa sau biyu take cika sau biyu take janyewa a cikin kwana ɗaya da ɗan ɗoriya, awa 24 da minti kusan 50, daga cika zuwa janyewa awa shida da 'yan mintoci. A Legas hawan ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne a ranakun da ya yi ƙarfi, shi yasa baƙo zai raina shi, amma ka tuna faɗin lagun ɗin da ƙanƙantar ƙofarsa, ɗan wannan hawan sai ya zama gudu mai ƙarfi a mashigar. Kuma kifin da ke farauta, gudun ruwan nan shi ne ke kawo masa abinci, yana laɓewa a bayan dutse inda ruwa ya yi kwana ya rage ƙarfi yana jiran abin da za a koro masa, in ruwa ya tsaya shi ma sai ya kwanta.

Ga inda abin ya fi ba ni mamaki kuma nake so mai hutun rana ɗaya a mako ya riƙe. Tunda kullum lokacin cikar yana ja baya da minti kusan 50, in ka lissafa kwana bakwai ya zama kusan awa shida. Wato in wannan Lahadin ƙarfe goma ruwa a cike yake, Lahadi mai zuwa ƙarfe goma a janye za ka same shi, ta gaba kuma ya dawo a cike. Abin da ya same mu kenan daidai, ɗaya a cike a tsaye, ɗaya a janye, ɗaya a cike, ɗaya a janye, kullum muna isa a ƙarshen motsin ruwa. Mu muna bin agogo da ranar hutu, ruwan kuma wata yake bi.

Sai maganar watan. Lokacin da wata da rana suka daidaita a layi ɗaya, wato tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida, ƙarfin da suke jan ruwan teku da shi yana haɗuwa, ruwa ya cika sosai ya janye sosai gudunsa ya yi ƙarfi. Wajen bakwai da takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu da ashirin da uku, ruwan ya zama rago, hawan kaɗan saukar kaɗan. Lahadinmu ta farko takwas ga wata ce, ta uku ashirin da biyu, kaga mun haɗa ragon ruwa da tsayuwar ruwa da tsakar rana, uku duka a kanmu. Wani abin daɗin kuma shi ne a kowane wuri, cikar ruwa ta farkon wata da ta tsakiyar wata kusan lokaci ɗaya take faɗowa a agogo, mu a littafinmu mun ga a bakin mashigar Legas tana zuwa ne wajen asuba da kuma la'asar sakaliya, wato daidai lokacin da haske ke da rauni kifi ke fitowa farauta. Ni yanzu ko ban buɗe waya ba, in na san kwanan wata na Hijira zan iya faɗa maka kusan yadda ruwa yake.

Na uku shi ne damina, wanda shi ma bamu sa a lissafi ba. Oktoba ƙarshen damina ne a Legas, kogin Ogun da sauran rafuka sun cika lagun da ruwan daɗi, wani lokaci ma a saki ruwa daga dam ɗin Oyan ya ƙaru, gishirin cikin lagun ya yi ƙasa sosai, kainuwar nan mai fure da ta addabi ruwan Legas tun shekarun 1980 ta taso ta rufe ko'ina. A irin wannan lokaci saukar ruwa tana daɗewa fiye da hawansa a mashigar, ko tebur ya ce ruwa ya fara hawa za ka ga saman yana ci gaba da fita, shi yasa ranar da muka haɗu da Baba sai wajen biyu muka ga koren ruwan yana shigowa. Kifin teku irin su kuta, wato barakuda, dogon kifin nan mai kaifin haƙori, da ke farauta da ido basa son wannan dagwalon, suna ja baya waje. Daga Disamba zuwa Afrilu kuwa ruwan sama ya ɗauke, gishiri ya shiga ciki sosai, kainuwa ta mutu don bata jure gishiri, ruwa ya washe. Baba cewa ya yi mu ajiye akwatin robar nan sai bayan hunturu ya shigo.

Yanzu koto. Da muka saba da Baba ya yarda ya buɗe mana, kuma maganarsa gajera ce, abin da kifin ya saba gani ruwa na kawo masa shi za ka ba shi, kuma da rai in da hali. Tana ba ta ruwan gishiri ba ce, ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a kowace lita, yana zuƙe ruwan jikinta ne shi yasa take yamutsewa nan da nan, sai dai can cikin rafuka a damina inda ruwan ya zama na daɗi za ta yi maka aiki a kan obokun da ƙarfasa. Sarkin koto a wurin nan jatan lande ne mai rai, kusan babu kifin da ke wuce shi. Amma riƙe shi da rai aiki ne, sau biyu suna mutu mana kafin mu gane, na farko mun cika su da yawa a bokiti ɗaya mun bari a rana, na biyu Auta ya ƙara musu ruwan leda da niyyar sanyaya su. Daga baya muka huda wani bokiti mai murfi ƙanana ƙanana muka ɗaure da igiya muka saka shi cikin ruwan da muke kamun, shikenan suka zauna lafiya. Wajen sokawa kuma akwai wani baƙin ɗigo a kansa da ake gani ta cikin ɓawon, in ƙugiya ta taɓa nan ya mutu, sai ka soke ta ƙarƙashin ƙahon gaban ɗigon, ko ta kusa da wutsiya in za ka yi jifa mai nisa, da ƙugiya siririya wadda bata yi masa nauyi ba.

Na biyu ƙananan kifi masu rai, musamman mulet, waɗannan masu yawo garke garke a saman ruwa kusa da gaɓa suna tsalle, tsawon yatsa zuwa tafin hannu. A nan Auta ya nuna shi ɗan gida ne, don jefa birgi, ragar nan da ake watsawa da hannu, a jininsa yake, jifa biyu ya cika mana bokiti har Baba ya jinjina masa. In ruwa na gudu ta leɓe ake soke shi don ya fuskanci ruwan ya daɗe da rai, in ruwan a hankali yake sai a soke ta baya gaban ƙayar sama. Ƙananan ƙaguwa da ke cikin duwatsun su ma koto ne mai kyau ga jan kifin nan da suke ce wa sinafa, a cire ƙafa biyu a soke ta ramin. In babu mai rai, toh sabon shawa da aka kamo ranar ya fi taitus na kankara nesa, in kuma dole sai na kankarar, ka yanka shi dogo dogo tun dare ka barbaɗe shi da gishiri sosai ka sa a jarida, da safe za ka ga ya yi tauri ya kama ƙugiya. Matacce yana aiki ne da wari, don haka wurinsa ƙasa, a ruwa mai duhu ko da dare, a kan obokun da wani kifin teku da suke ce wa kuroka, kuma ka shirya rabawa da ƙaguwa.

Akwai wani kuskure da ya biyo mu daga gida. Saboda tsage da ke yanke zare da haƙori, Auta ya saba ɗaura waya a gaban kowace ƙugiya, duk Lahadin nan huɗu da waya yake kamu. A kan kuta daidai ne, haƙoranta sun fi na tsage ma, amma sinafa a ruwa mai haske yana ganin wayar ya ƙi, jatan landen ma baya iya motsi yadda ya kamata da ita. Sai muka raba, sanda ɗaya da waya don kuta, ɗaya da zaren roba mai kauri wanda aka rubuta fam 60 a jikinsa, wato nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tsinke, kamu biyu na hannu a gaba, don ya jure gogar dutse.

Muka haƙura har Fabrairu. Muka zaɓi Asabar da ta faɗo sha biyar ga wata, na nemi a bar mu mu tashi aiki da wuri, muka ƙetara bayan azahar da niyyar kwana a can, kowa da rigar kariya a jikinsa don duwatsun nan suna da santsi kuma igiyar ruwa in babban jirgi ya wuce tana iya ɗauke mutum, wannan ba abin wasa bane. Da muka yi la'asar ruwa na kan hawa, kore shar kana hango dutse a ƙasa, ƙananan kifi sai watsewa suke a sama kamar an watsa tsakuwa. Auta ya duba girman waɗanda ke tsallen ya zaɓi cokali fari mai tsawon yatsa, ya jefa ya wuce inda suke ya fara naɗowa. Jifa wajen goma ba komai, yana ja a hankali kamar yadda ake yi wa giwan ruwa. Baba daga cikin jirginsa ya ɗaga murya yace da gudu, da gudu Malam, kifin da ke tsoro baya tafiya a hankali. Ya ƙara sauri har cokalin na kusa fitowa sama, a jifa na biyu sandar ta lanƙwashe, injin ya yi ƙara, sai ga kuta ta yi tsalle. Da ya fito da ita ta kai tsawon hannunsa daga kafaɗa, ya juyo ya kalle ni yace Yaya ka gani? Muryarsa har rawa take. Kafin magariba ya ƙara ɗaya, ruwa na tsayawa kuma cizon ya ɗauke ɗif kamar an kashe fitila, duk da cokalin nan dai shi ne, hannun ma shi ne.

Da asuba muna idar da sallah ruwan ya cika ya fara juyawa zai fita, gari bai gama wayewa ba. Wannan karon muka ajiye roba muka koma mai rai. Dalma 'yar kaɗan muka sa, daidai wadda za ta nutsar da jatan landen ba tare da ta kafe shi a ƙasa ba, muna jefawa sama da wani babban dutse muna barin ruwa ya gangaro da shi ta gefensa zuwa inda ruwan ke kwana. A cikin awa ɗaya da rabi na farko muka samu sinafa uku. Ni kuma na sa mulet da dalma mai nauyi wajen giram ɗari na jefa can inda dutse ya ƙare yashi ya fara, a nan na samu shaini-nos guda, kifin nan mai dogayen gashi huɗu a ƙarƙashin kowane fiffiken ƙirjinsa da yake shafa ƙasa da su yana neman abinci, shi yasa ma ake samunsa ko ruwa ya yi duhu. Wajen takwas da rabi gudun ya yi ƙarfin da dalmar ɗari ma ta fara tafiya, rana ta ɗago, datti ya fara fitowa daga ciki, muka naɗe. Kafin nan akwai wanda ya ɗauki mulet ɗin Auta a gindin dutse, bai ba shi ko daƙiƙa uku ba ya shige rami da zaren ya goge shi ya tsinke, don ya bar birkin injin a sake kamar yadda ya yi wa kuta jiya. Kuta fili take nema ta gudu, sai ka sakar mata, sinafa kuwa gida yake nema, in baka tsayar da shi a taku na farko ba ya tafi.

Game da akwatin robar da ya ci masa kusan rabin albashi, ra'ayina shi ne bai yi asara ba amma ya yi gaggawa, kuma abu uku kacal a ciki suka yi aiki zuwa yanzu, farin cokali, da ƙaramin kifin roba mai launin mulet, da mai laushin nan a kan dalma in an bar shi ya taɓa ƙasa ana ɗan ɗaga shi kamar jatan lande na tsalle. Roba bata da wari bata da ɗanɗano, ido take yaudara da motsi, toh sai ruwa ya washe kuma kifi na cikin farauta. A ruwa mai haske fari da launin kifin gaske, in ya ɗan yi duhu sai mai ruwan zinariya ko mai ƙara a ciki, amma girman ya fi launin muhimmanci a abin da na gani, ka duba abin da ke tsalle a gabanka ka ba shi daidai shi. Kuma duk ranar da aka dawo sai an wanke komai da ruwan famfo an shanya, ƙugiyoyin da muka bari a akwati tun Oktoba ba wanki duk tsatsa ta cinye su sai da muka canza.

Inda muka rabu ni da Auta har yau shi ne wane ruwa ya fi, shi yana tare da mai hawa na la'asar saboda shi ke kawo ruwa mai tsabta da kuta, kuma yana son jin bugun nan a hannunsa, ni kuma ina tare da awa biyun farko na mai sauka da asuba, don kifin da na fi so a tukunya a nan yake, kuma koto mai rai bai taɓa ba ni kunya a lokacin ba. Baba da muka kai masa ƙara cewa ya yi shi ya fi son kwana biyu ko uku kafin tsakiyar wata, sha biyu sha uku, ruwa na da ƙarfi amma bai kai na ƙwace dalma ba, kuma in damina ta dawo mu bar duwatsun mu biyo shi cikin rafukan wajen Badagry da jatan lande da sabon shawa. Mun duba littafin, Asabar ta biyu a wata mai kamawa ta faɗo sha uku, Auta ya riga ya sayo zare mai fam 80 ya ɗaure birkin injinsa tamau saboda wancan na gindin dutsen.